Yadda Jan Biro Ya Raba Ni da Jikata

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninku tun shekarar korona, ta kuma iso kunnena ta hanyoyi uku, kowace da irin nata gishirin. Wai na doki Zainabu. Wani ya ce da bulala, wata ta ce da bayan hannu, ɗan'uwanku na Kaduna kuwa, wanda bai taka gidan nan ba duk tsawon shekarar, ya rantse shi da rula ya ji. To ku saurara tun ina iya riƙe biro. Ban taɓa yarinyar nan ko da ɗan yatsa ba. Abin da na yi mata daban ne, kuma da dukan na yi, da tuni an manta.

Bari in fara da yadda gidan yake a lokacin, don jikokin da za su karanta wannan ba su san shi haka ba. Babban ɗana Kabiru, wanda ba na kiran sunansa da bakina amma takarda ba ruwanta da kunya, yana Fatakwal wurin aiki aka rufe hanyoyi, ya maƙale can, sai dai murya. A nan Daura akwai ni, da Hajiya uwarku, da Rabi matar Kabiru, da 'yarsu ta fari Zainabu, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare. Burinta makarantar koyon aikin jinya, kuma kowa ya san ba a shiga can sai an ci lissafi. Sauran darussa ba na jin ta. Lissafin ne dai tun tana ƙarama take ratsa shi kamar mai ƙetare gonar wani, da sauri, ba ta waiwaye. Da aka sallami makarantu an ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin ya cinye bazara, ya cinye azumi, ya shiga damina. Aka ce yara su yi karatu daga gida, kamar dai gida wani wuri ne da ke zaune shiru yana jiran a zo a yi karatu a cikinsa. Wanda ya yanke wannan shawara ban san inda ya tashi ba, amma na tabbata ba a gidan da ake daka da surfe da kiwon awaki ba ne.

Ni dai ban damu ba da farko, har wani daɗi na ji. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, daga Baure zuwa Dutsi zuwa Sandamu, rabinsu ina hedimasta. A Dutsi idan na yi gyaran murya a ƙofar ofis, aji shida kan yi tsit, har da malamansu. Na ce a raina, yarinya guda ce, a gidana, tana cin tuwona. Na sa aka share zaure, na fito da wani tsohon allo da na yi ritaya da shi, na shafe shi da gawayi, na rubuta jadawali na manna a bango. Har agogona na ɗaura.

Matsala ta farko waya ce. Malamin lissafinsu ya tara 'yan ajin a zaure guda na cikin waya, yana turo darasi da murya, da hoton abin da ya rubuta a allonsa. Wayata kuwa irin mai madannai ce, amfaninta biyu, kira da haska hanya. Babbar waya ɗaya ce a gidan, ta Rabi, kuma kafin Kabiru ya tafi ya yi mata wani ƙulli da ba ta buɗewa sai ta ji babban yatsan mai ita. Lambar da za a kwance ƙullin ya manta ta, ko kuwa ya ce ya manta. Ga ta da barci kamar jaririya, da an ɗan bar ta sai ta rufe ido. Rabi kuma surukata ce. Shekara goma sha takwas tana gidan nan ban san kalar idonta ba, in ta hango ni daga nesa durƙusawa take ta kau da kai. Ba yadda za a yi ta zauna a zaure kusa da ni tana dangwala yatsa. Sai aka tashi makarantar daga zaure aka dawo da ita ƙofar ɗakinta, ni a kujera, Zainabu a tabarma, Rabi a bayan labule, Hajiya kuwa a tsakiya tana tsinke zogale, ita ce gidan waya.

"Hajiya, a gaya wa Rabi abin nan ya sake barci."

"Rabi, wai in ji Malam ya yi barci."

Tsakanina da Rabi bai fi taku uku ba. Sai ka ga hannu ya ɓullo ta gefen labule, da lalle, wani lokaci da kumfar wanki, ya lalubo wayar ya dangwala ya koma. A darasi guda sai a yi haka sau goma. Ran da ta yi sabon ƙunshi kuwa wayar ta ce ba ta san ta ba, muka yi kwana biyu babu makaranta.

Abin da ya fi ba ni haushi, Rabi ta iya lissafi. Ta gama sakandare kafin aure, na kuma ga takardarta da idona. Tana jin komai daga bayan labulen nan. Amma Zainabu 'yar fari ce, uwar ba ta kiran sunanta, ba ta zama ta yi mata doguwar magana, sai dai "ke" ko "waccan". Ni kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce na yi kuskure ba. Rannan na tsallake wata alama a allo, idona ba kamar da ba, sai na ji tari daga ɗaki. Na ci gaba. Aka sake tari. Can aka yi ƙus-ƙus, Hajiya ta miƙa kunne, ta juyo.

"Wai a ce wa waccan ta sake duba layi na uku."

"Layi na uku nawa ne, ni na rubuta shi."

"To ni dai haka aka ce in ce."

Kun ga gidan da aka ce a yi karatu a cikinsa. Wadda ta san amsa ba ta da bakin faɗa, wadda ke da bakin faɗa ba ta san ko ana maganar gero ba ne ko ta dawa.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar ni na shuka ta da hannuna tun ranar sunan yarinyar, da na ɗauke ta na ce ga amaryata ta iso. Kun san wasan jika da kaka. Tun ta iya magana take ce mini Ango, take ɓoye mini takalmi, take gaya wa baƙi wai ba na cefane. Ni kuma in rama, in ce na fasa, amarya ba ta iya ko dama kunu ba. Duk gidan nan ita kaɗai ce ba ta taɓa jin tsorona ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na fi son hakan da duk gaisuwar da kuke yi mini kuna sunkuyar da kai. Amma ku gwada koya wa irin wannan mutum aljabara.

Ranar farko na tsaya gaban allo na gyara murya irin ta Dutsi. Ta dube ni ta ce,

"Ango, a kawo maka ruwa ne? Ko ƙashin kifi ne?"

Na rubuta tambaya na ce ta nemo x.

"Shekara talatin da biyar kana sa 'ya'yan mutane su nemo maka shi ba su samo ba, yanzu ka dawo kaina? Ka haƙura da shi mana, ya bar garin."

Hajiya ta yi dariya har zogale ya zube. Bayan labule ma na ji wani abu mai kama da atishawa. Ni kaina sai da na juya baya na yi kamar ina goge allo. Haka muka yi ta yi. In na ɗaure fuska ta ce fushi ba ya yi wa tsoho kyau. In na ce ta tashi tsaye ta ba da amsa, ta miƙe ta ƙame ta sara mini kamar soja. In malaminsu ya turo murya ta kwaikwayi yadda yake jan hanci. Na kai ƙara wurin Hajiya, ta ce ai matarka ce, ku kuka san tsakaninku. Na kira Kabiru, sabis yana yankewa, abin da na iya tsinta shi ne, "Baba ai kai ka ɓata ta." Na aika wa Rabi ta ja mata kunne, amsar da ta dawo ta bakin Hajiya ita ce wai ai Baba ya fi ta iko da ita. Kowa ya turo mini ita, ni kuma al'ada ta ɗaure mini hannu, don kakan da ya yi fushi da wasan jika shi ake yi wa dariya. Azumi ya zo, aka ce a sassauta wa yarinya. Aka sassauta. Salla ta wuce, ruwa ya sauka, muna nan a babin da muka fara.

Abin da ya riƙa kwantar mini da hankali shi ne gwajin da malamin ke turowa duk mako. Zainabu kan shiga ɗakin uwarta da wayar, ta fito ta nuna mini, ta ci takwas, ta ci tara cikin goma. Na ce to, ashe ana wasa ana shiga kai. Sai rannan ina riƙe da wayar, yatsana ya zame ya gangara sama, na ga abin da ban nema ba. Wata yarinya mai ƙoƙari a ajin takan yi aikin ta ɗauki hotonsa ta tura wa ƙawayenta, su kuma su kwafe su mayar wa malam. Har kuskurenta na rubutu suna kwafewa. Malamin yana can gidansa yana murna ajinsa ya zama na haziƙai tun da aka daina ganinsa.

Na mayar mata da wayar. Washegari na rubuta tambayoyi goma da hannuna, ba masu wuya ba, na karɓe wayar na sa a aljihu, na ba ta awa guda. Ta karɓa tana cewa yau Ango ya tashi da ƙafar hagu. Da lokaci ya cika ta ajiye mini takardar a kife ta ruga cikin gida. Na juya ta. Ta kwafe tambayoyin tsaf da kyakkyawan rubutunta. Ƙarƙashin kowace babu komai, sai ta huɗu da ta fara ta soke. A ƙasan shafin ta zana ni, da hula, da tabarau a kan hanci, da kunnuwa kamar faifai, ta rubuta, Ango ya tsufa.

Zanen ya yi kama da ni, wannan ma wani abin haushin ne. Na ninke takardar na tafi gonata ta hanyar Sandamu, na zauna gindin gawo ina kallon masu noman farko. A nan na fahimci abin da ya kamata tsohon malami ya gane tun makon farko. Yaron da bai gane ba kala-kala ne, wani ya yi shiru, wani ya yi rashin lafiya, wani ya yi faɗa. Ita wasa ta samu ta ɓuya a bayansa, kuma ni na gina mata wurin ɓuyan. Duk ranar da ta ba ni dariya, ta tsira daga cewa ban gane ba. Ana ta raɗe-raɗin za a buɗe wa 'yan ajin ƙarshe su rubuta jarrabawa kafin kaka. Na lissafa makonnin da suka rage, na ga in dai ina Ango, yarinyar nan ta faɗi. Har nan ban yi kuskure ba, kuma ko yau aka mayar da ni gindin gawon nan abin da zan yanke ke nan. Kuskuren yana cikin yadda na yi shi.

Na dawo na buɗe akwatina na ɗauko jan biro. Tun da na yi ritaya ban taɓa shi ba, amma da na goga shi a tafin hannu sai ya kawo. Da safe bayan an karya na ce kowa ya fito tsakar gida. Na ce har Rabi. Hajiya ta dube ni.

"Rabi kuma? Gabanka?"

"Gabana."

Rabi ta fito ta rakuɓe jikin rumbu, ta ja mayafi har goshi. Zainabu ta taho tana taunar ƙuli, ta ce,

"Yau kuma taron me Ango ya kira? Rabon gado za a yi tun da ranka?"

Na miƙe tsaye. A makaranta haka nake yi ranar ba da sakamako, a tara yara a fili, a kira suna, a faɗi maki kowa ya ji. Shekara da shekaru ina yi, ban taɓa tambayar kaina ko yana gyara wani ba. Hannu ya saba, baki ya saba.

"Zainabu Kabiru."

Ta daina tauna. Ban taɓa kiranta haka ba.

"Tambaya ta ɗaya, sifili. Ta biyu, sifili."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya har goma, ban tsallake ko guda ba, ina ɗaga takardar don a ga jan. Sannan na faɗi maganar kwafen, na faɗi sunan yarinyar da ake kwafa a wurinta. Hajiya ta ce a hankali,

"Malam, jikarka ce fa."

"Jiya jikata ce. Daga yau ba ni da amarya a gidan nan, ɗaliba gare ni, kuma daƙiƙiya. Bakin nan da kike ji da shi, don kan babu komai ne ya yi kaifi."

Wannan jimla ta ƙarshe na sha faɗa wa 'ya'yan mutane, har ina ganin ta yi daɗin tsari. Ban taɓa jin nauyinta ba sai da ta faɗi a tsakar gidana, gaban uwar da kunya ta hana ta ko da kallon 'yarta, balle ta rarrashe ta. Rabi ta dafa rumbu. Zainabu ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ƙulin a kan turmi, ta goge hannu a zani, ta durƙusa har ƙasa.

"Ka yi haƙuri, Malam."

To, aiki kam an yi. A kwana uku na gano inda ramin yake, ba a sakandare ba ne, tun aji huɗu na firamare ne, wurin kasa abu kashi-kashi. Aka yi ta tura ta gaba aji bayan aji, kowane malami yana barin wa na gabansa, irin abin da ni ma na sa hannu a kansa sau ba adadi ina hedimasta. Muka koma can muka taso. Na sa aka kawo ƙwaryar wake muna kasawa. Muka ajiye wayar sai abin da ba a rasa ba, hannun Rabi ya huta. Yarinyar ashe kanta ba kome ba ne, tsoro ne ya cika shi. Da ta rasa wurin ɓuya sai ta fara cewa, "Malam, ban gane nan ba," ni kuma in sake. Kafin gero ya yi kai tana warware lissafin da ni sai na sa tabarau biyu. Takan zo kafin lokaci, ta share wurin, ta goge allo, ta gaishe ni a durƙushe. Ban taɓa samun ɗaliba irinta ba. Gidan kuwa ya yi shiru kamar ofishina na Dutsi, Hajiya ta kwashe zogalenta ta koma madafa.

Na ɗauka na ɗan lokaci ne, ni ma. Na ce bari a gama jarrabawa, sai mu koma yadda muke. Aka buɗe musu, suka rubuta ana ruwa, kowa da ƙyalle a hanci. Ran da ta gama ta ƙarshe na tare ta a zaure na ce,

"Amarya, an gama yaƙi? Yau dai a dama mini kunu, ko da mai gudaji ne."

"To, Malam."

Ta je ta dama, ta kawo a kofi da murfi, babu gudaji ko ɗaya. Ban taɓa shan kunu mai kyau da ya ƙi yi mini daɗi kamar wannan ba.

Da sakamako ya fito ta ci lissafi, ba ma da ƙyar ba. Ta kawo mini takardar da hannu biyu. Na daɗe ina dubawa, ba don ban gani ba, jira nake ta ce wani abu, ko da a kan yadda nake riƙe takarda nesa da fuska ne. Ta ce Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma, ta tashi ta fita da baya. Hajiya tana bakin ƙofa.

"To Malam, barka. Ka samu ɗaliba. Jika kuma sai ka nema."

Yanzu Zainabu ma'aikaciyar jinya ce, kun sani. Duk Juma'ar da take gari takan zo ta ɗaura mini abin awon jini, ta rubuta a ɗan littafi, ta ce a rage gishiri, Malam. Hannunta da sanyi, maganarta da ladabi, ba abin da zan ce ta rage ni da shi. Ku kuma kuna cewa ai ta girma ne, wasa ya wuce. Ba girma ba ne, na ga masu 'ya'ya suna tsokanar kakanninsu a bakin kabari.

Da zan iya kiranta zaure mu biyu a ranar nan, in nuna mata takardar, in ce mata na gano, in ce mu ajiye wasa zuwa kaka. Da ta ci jarrabawar duk da haka, na tabbata. Taron nan da jimlar nan ba lissafi ya buƙace su ba, ni ne na saba. Na sha shirya maganar a bakina tana ɗaura mini abin awo, sai in ji na ce yaya aiki. Mutumin da ya shekara talatin da biyar ana ba shi haƙuri bai koyi yadda ake bayarwa ba, shi ya sa na rubuta. Duk wanda littafin nan da nake rubutu a ciki ya fara shiga hannunsa a cikinku, ya cire waɗannan shafuka ya kai mata. Kada ya karanta mata, kada ya tsaya yana kallon fuskarta. Ya ba ta, ya ja mata ƙofa.